Filin Tambaya da Amsa: Bindigar Iska, Kwamfaresa da Notin Manyan Motoci

Yawancin wasiƙun wannan watan daga Kumasi suka zo, daga masu gyaran tirela da tifa da tanka, kuma kusan duka a kan kayan aikin da ke amfani da iska suke. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita tambayoyin, makanikan da ke kula da wannan fili kuma suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi bindigar iska mai inci 1, sabuwa fil, don kwance notin tirela. Gejin tanki yana nuna bar 8, amma bindigar sai ta yi ta bugu noti bai motsa ba, ƙarshe sai yara sun ɗauko dogon fayif. Kwamfaresata mai ƙarfin doki 3 ce, tanki lita 200, tiyo kuma mai milimita 8, tsawonsa mita 20. Jabu aka sayar mini? *Daga wani mastan gareji, Suame Magazin.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Masta. Kada ka mayar da bindigar tukuna. Daga bayanin da ka yi, yunwar iska ke damun ta.

Gejin da ke jikin tanki yana gaya maka ƙarfin iskar da ke kwance ne, lokacin da ba a jan ta. Bindiga kuwa abu biyu take nema lokaci guda: ƙarfin iska da yawan iska. Kusan duk kayan aikin iska an ƙera su ne su yi aiki da bar 6.3, wato psi 90, a bakin shigar iskar jikinsu, kuma a daidai lokacin da aka danna kunama. Bindiga mai inci 1 idan tana bugu tana shan lita 1,100 zuwa 1,400 a minti ɗaya. Lambar da ake bugawa a kwali, irin CFM 10 ko 12 (CFM ma'aunin yawan iska ne a minti), matsakaicin sha ne wanda aka haɗa har da lokacin hutu, kuma ita ce ke yaudarar masu saye. Ka duba wadda aka rubuta ta lokacin bugu, za ka ga ta kai CFM 40 ko fiye. CFM 1 lita 28 ne da ɗoriya a minti.

To ga lissafin naka. Kwamfaresa mai doki 3 abin da take bayarwa na gaskiya bai wuce lita 250 zuwa 280 a minti ba. Tankinka mai lita 200, idan ya sauko daga bar 8 zuwa bar 6, lita 400 kawai ya ba ka, wato bugun daƙiƙa 20. Daga nan sai ka jira minti ɗaya da rabi kafin ya koma inda yake. Ƙafa ɗaya mai noti 10, idan kowane noti ya ci daƙiƙa 5, ta cinye lita 1,000 ke nan.

Amma babban mai laifi shi ne tiyon. Ko tankin ya kai girman ɗaki, tiyo mai milimita 8 ba zai wuce da wannan iskar ba. Rijiya ce cike da ruwa amma guganka gwangwanin madara. Asarar ƙarfi a cikin tiyo tana hauhawa ƙwarai idan rami ya ƙanƙance: tsakanin milimita 13 da milimita 8, a tsawo ɗaya da yawan iska ɗaya, asarar ta fi ninki 10. Sannan ga ƙananan mahaɗan nan na karɓa-ka-cire, waɗanda ramin cikinsu milimita 5 zuwa 7 ne. Guda ɗaya a kan hanya ya isa ya shaƙe bindigar. Kuma duk bar 1 da ya ragu a bakin bindiga, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta ya tafi.

Ka gwada da kanka kafin ka kashe ko sidi ɗaya. Ka samo mahaɗi mai baki uku, ka ɗaura geji daf da bindigar, ka danna kunama, ka karanta. Muna sa ran za ka ga allurar ta faɗo bar 3 ko 4. Daga nan ka sauya tiyo zuwa mai ramin milimita 13, kada ya wuce mita 10. Idan dole sai ya yi nisa, ka ja mai milimita 19 har kusa da mota, sannan ka ƙarasa da gajeren mai 13. Mahaɗai su zama manya, na rabin inci. Regileta da filta su ma na rabin inci ko fiye, don ƙaramar regiletar da ke zuwa a jikin kwamfaresa ta masu fenti ce. Ka leƙa 'yar ragar da ke bakin shigar iskar bindigar, sau da yawa tsatsa da guntun tef ɗin tiredi sun toshe ta. Ka kuma rage dogayen sandunan ƙari tsakanin bindiga da soket, kowanne yana lanƙwasawa yana shanye bugu. Idan ƙafar baya mai zurfi ce, gara bindiga mai dogon baki na inci 6.

Wani abu da mutane ke mantawa: wasu motocin Japan na da, irin su Isuzu da Hino da Fuso, da wasu na Amurka, notin ɓangaren hagunsu tiredin hagu ne. Ka duba kan sitod, wato bol ɗin da noti ke hawa, za ka ga L ko R. Idan L ne kana bugawa ta hanyar da ka saba, ɗaurewa kake ƙara yi.

Tambaya: Ina son buɗe garejin manyan motoci, bindiga biyu da wurin taya. Wace kwamfaresa zan saya? An nuna mini wata tsohuwa da aka shigo da ita daga Amurka, kuɗinta da sauƙi. *Wani Alhaji, Tafo.*

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a buɗe a sa'a. Ga irin aikin da ka ambata, kada ka yi ƙasa da mai doki 10, wato kilowat 7.5, mai fistin mai matsa iska hawa biyu, da tanki lita 500, mai kaiwa bar 11 ko 12. Irin wannan tana ba da lita 900 zuwa 1,000 a minti. Tanki lita 500 da ya sauko daga bar 11 zuwa 8 ya ajiye maka lita 1,500, ya isa a kwance ƙafa guda ba tare da an tsaya ba. Dalilin neman bar 11 shi ne taya: mai tsayawa a bar 8 ba za ta taɓa cika tayar da ke son bar 9 ba.

Idan kana ciniki ka tambayi iskar da injin ke fitarwa, ba wadda fistin ke zuƙa ba. Ta farkon takan zama kashi 65 zuwa 75 cikin 100 na ta biyun, masu sayarwa kuma babbar suke faɗa. Akwai gwajin da za ka yi a gaban mai kaya. Ka rufe bawul ɗin fita, ka riƙe agogo, ka ga minti nawa tanki ke ɗauka daga bar 6 zuwa bar 8. Girman tanki sau 2, a raba da mintocin, shi ne lita a minti. Tanki lita 500 da ya yi wannan hawan a minti ɗaya, injinsa na ba da kimanin lita 1,000. Idan ya ɗauki minti biyu, ringi ko bawul ɗin kai sun gaji.

Batun ta Amurka, ka karanta farantin jikin moton da kyau. Wutar Gana 50 Hz ce, volt 230 a layi ɗaya, kimanin 400 a layi uku. Ta Amurka 60 Hz ce. Moton 60 Hz idan ya hau wutarmu gudunsa na raguwa da kashi ɗaya cikin shida, iskar ma haka. Mai volt 460 layi uku yakan zauna lafiya a kan 400 ɗinmu, da wannan ragin. Mai volt 230 layi ɗaya na 60 Hz kuwa zafi yake yi, ba ya daɗewa. Tiredin mahaɗansu ma daban ne: na Amurka NPT, namu da na Turai yawanci BSP. A mahaɗi mai kwata inci, ɗaya na da zare 18 a inci, ɗayan 19, sai ka ga ya shiga zagaye biyu ya cije, yana yoyo har abada.

Doki 10 sai wuta mai layi uku, don haka ka fara da neman ta wurin ECG, kamfanin wutar lantarki, kafin ka biya kuɗin inji. Ka sa na'urar da ke yanke wuta idan layi ɗaya ya ɗauke ko wuta ta yi ƙasa, domin abin da ya fi ƙona moto ke nan. Ranar haɗawa a duba kibiyar da ke jikin babban fule; idan yana juyawa baibai, fankarsa ba ta hura kan injin. Idan da janareto za ka tayar da ita, ka nemi mai kVA 20 zuwa 25, saboda moto na jan wuta ninki shida ko kusa da haka lokacin tashi.

Tankin tsohuwar shi ne abin tsoro. Ka buɗe bawul ɗin ƙasa ka ga abin da zai fito. Idan ɓarɓashin tsatsa ne mai kauri, ko ka ga tabon walda a cikinsa, ka bar musu kayansu komai arha. Tankin iska ba a yi masa faci. Bawul ɗin kariya kuma ba a toshe shi da bol don yana huci. A sauya shi. Dokar masana'antu ta ƙasar nan, Act 328 ta 1970, ta shafi tankunan iska, kuma ofishin masu duba masana'antu ne ke da alhakin binciken su.

Tambaya: Tun da damina ta kama, ruwa mai tsatsa ke fita daga bindigogina, ɗaya ma ta cije. Daga ina ruwan yake shiga? *Makanike, Asawase.*

Amsa: Ɗan'uwa, ba ta wata kafa yake shiga ba, a cikin iskar yake. Iskar Kumasi a damina, idan zafi ya kai digiri 30 kuma laima ta kai kashi 80, tana ɗauke da ruwa kusan giram 24 a kowace lita 1,000. Injin da ke zuƙar lita 1,000 a minti ya haɗiyi kusan lita ɗaya da rabi na ruwa a awa guda ta aiki. Da aka matse iskar zuwa bar 8 ta huce, abin da za ta iya riƙewa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Sauran, fiye da lita ɗaya a awa, yana kwanciya a tanki da fayif. Ga shi damina biyu muke yi a shekara.

Abu na farko kyauta ne: a buɗe bawul ɗin ƙasan tanki kowace yamma, a damina har da tsakar rana, a ɗora wa yaro ɗaya wannan aikin da sunansa. Na biyu shi ne shimfiɗa fayif yadda ya kamata. Babban layi ya ɗan gangara, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, yana nisantar kwamfaresa, a ƙarshensa a sauko da guntun fayif mai bawul inda ruwa zai taru. Duk reshen da za a cira a cire shi daga saman babban layi, ya lanƙwaso ya sauko. Idan daga ƙasa aka cira, duk ruwan layin a bindiga zai ƙare. Filtar ruwa kada a manna ta a bakin kwamfaresa, don iskar can da zafi take, ruwan bai zama ɗigo ba tukuna, wucewa zai yi. A bar iska ta yi tafiyar mita 8 ko 10 a fayif ɗin ƙarfe ta huce, sannan filta, sannan regileta, sannan kwalbar mai.

Fayif na ƙarfe mai rufin galbanais, ko na jan ƙarfe, ko alminiyon da aka yi don iska. Fayif ɗin roba na ruwa, PVC, kada ya shigo wannan magana ko da an ba ka kyauta. Mai da rana suna busar da shi, idan ya fashe kuma tarwatsewa yake yi da kaifi.

Tun da ana gyaran layi, a bi shi da ruwan sabulu a nemi yoyo. Rami mai milimita 1 a bar 7 yana zubar da kusan lita 70 a minti, mai milimita 3 kuwa fiye da lita 600. Wannan kuɗin wuta ne ke fita dare da rana. Da hunturu ya shigo kuma sai hankali ya koma kan filtar shaƙar iska, a riƙa duba ta kowane mako saboda ƙura.

Tambaya: Ina da tirela biyu masu ɗaukar kaya daga Tema zuwa Wagadugu. Sau biyu ke nan sitod na karyewa, na ƙarshe tsakanin Techiman da Kintampo, saura kaɗan taya ta fice. Direba ya ce da bindiga aka ɗaure sosai. To me ke jawo haka? *Wata Hajiya, Aboabo.*

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Wannan "sosai" ɗin da direbanki ya faɗa, a nan muke zargin matsalar take. Mu a wurinmu bindiga ta kwancewa ce da kai noti kusa. Ba ita ke yanke hukuncin ɗauri ba.

Motocin Turai irin su DAF, MAN, Scania, Volvo da Benz masu sitod 10, ɗaurin da kamfanoninsu ke so yana tsakanin Nm 550 da 700 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), kowanne da lambarsa a littafin mota. Bindiga mai inci 1 tana iya kaiwa Nm 2,000 zuwa sama. Sitod ƙarfe ne mai ɗan miƙewa ya dawo, wannan miƙewar ce ke riƙe rim. Idan aka ja shi ya wuce iyakarsa, ba ya dawowa. A ido lafiyarsa ƙalau, amma riƙonsa ya ragu, rim ya fara motsi, ramukan hanya da nauyin kaya su ƙarasa shi. Ɗaurin da bai kai ba shi ma ƙarshensa ɗaya ne.

Ga yadda za ki ce a riƙa yi wa motocinki. A goge fuskar hob da fuskokin rim da burushin waya har tsatsa da laka da fenti mai kauri su fita, domin duk abin da ya rage a tsakani zai murƙushe a hanya, ɗauri ya saki. A noti mai wosha a jikinsa, a ɗiga man inji ɗigo biyu tsakanin noti da wosha, kaɗan kuma a bakin tiredi, sai fa idan littafin motar ya ce a ɗaure a bushe. Mai kada ya taɓa fuskar rim. A fara kowane noti da hannu zagaye uku ko huɗu. A kai su da bindiga a lambarta ta ƙasa, ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa ta ɗaya gefen, ba a bi su a jere ba. Sannan a ƙarasa da sufana mai awon ɗauri. Idan ta yi ƙara nan take ba tare da notin ya juya ko kaɗan ba, bindiga ta riga ta wuce da shi. A sassauta a sake. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bi da sufanar. Motar da aka ɗaure a Kumasi, a duba ta tun kafin ta kai Techiman.

Ki saya wa kowace mota wannan sufanar mai kaiwa Nm 1,000. A mayar da ita lambar ƙasa bayan aiki, kuma ba a kwance noti da ita. Inda babu ita a daji, direba ya yi lissafi: mutum mai kilo 70 ya tsaya cak, ba tsalle, a santimita 90 daga noti a kan sanda da ke kwance, ya ba da kimanin Nm 600. Shi ɗin dai a ƙarshen fayif mai mita 2 ya kusa Nm 1,400, kafin ma ya fara tsalle.

Wanda ya karye kada a sauya shi shi kaɗai. A haɗa da maƙwabtansa na dama da hagu, idan biyu ko fiye suka karye a ƙafa ɗaya a sauya duka goman. A duba ramukan rim, wanda ya zama ƙwai ya gama aiki. Noti mai wosha da noti mai ƙoƙon baki ba sa musanya. Direba kuma ya riƙa zagaya mota kowace safiya: layin tsatsa da ke gangarowa daga noti shaida ce rim na motsi.

Tambaya: Ni ɗan koyo ne. A wurinmu baƙin mai ake zuba wa bindiga, soket kuma duk wanda hannu ya kai. Jiya wani ya fashe. Daidai ne? *Ɗan koyo, Suame.*

Amsa: Ɗana, madalla da ka tambaya, kuma ka kai wa maigidanka wannan shafin cikin ladabi. A cikin bindiga akwai ƙananan faranti da ke zamewa a jikin rota, iska na tura su. Mai kauri yana manne su, baƙin mai kuma da ƙurar ƙarfe yake zuwa. Man birki yana cinye robobin ciki. Abin da ake so shi ne man kayan iska, marar kauri, mai lamba ISO VG 32. Ɗigo 5 zuwa 10 a bakin shigar iska da safe, haka kuma kafin a ajiye ta da yamma, a ɗan kunna ta daƙiƙa kaɗan don man ya zagaya ya kori laima. Ɓangaren guduma daban yake: wasu giris suke sha ta kan nono, wasu a cikin mai suke iyo, sai a bi littafinta. Giris idan ya yi yawa bugun ya mutu. Ita kwamfaresa mai fistin nata man ISO VG 100 ne.

Soket mai ƙyalli na hannu ne, ƙarfensa da tauri, bugu na fasa shi ya watso. Na bindiga baƙi ne mai kaurin jiki. A kulle shi da fil da zoben roba, ba ƙusa ko waya ba. Kada hannunka ya riƙe soket yana juyawa. Ka cire tiyo kafin ka sauya shi.

Ka kula da kunnenka tun yanzu. Ƙarar bindiga mai inci 1 tana kai desibel 100, alhali daga 85 ake fara cutuwa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne da tabarau ba su da tsada. Kada ka kakkaɓe rigarka ko jikinka da iska, kada a yi wasa da ita a jikin wani, tana shiga fata da hanji ta kashe. Ƙurar birki ma a jiƙa ta a goge, kada a hure ta, don wasu tsofaffin takalman birki da asbestos aka yi su.

Tambaya: Sana'ata facin tayar manyan motoci. Na ji taya ta fashe ta raunata wani a unguwarmu. Yaya zan kare kaina da yarana? *Mai faci, Sawaba.*

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. A duk aikin gareji babu inda iska ta fi haɗari kamar wurinka. Taya 315/80R22.5 tana shan bar 8.5 zuwa 9, kusan psi 125 zuwa 130. A wannan ƙarfin, abin da ke tura gefe ɗaya na tayar ya haura tan 40.

Ka sa a yi maka keji na fayif mai kauri, tayar ta shiga a tsaye. Kada a kafe shi da bol a ƙasa ko a jingina shi da bango, yana buƙatar wurin da zai motsa idan abu ya faru. Kan tiyo ya zama mai kama bawul da kansa, geji da abin dannawa kuma su kasance aƙalla mita 3 baya, mai hurawa ya tsaya ta wajen tafin taya, ba ta fuskar rim ba. Ba a zama a kan taya ana hura ta, ba a barin tiyo a maƙale a tafi.

Rim mai zobe, irin na 12.00R20 da tifa ke yawan sawa, shi ya fi kisa. Kafin a taɓa shi a cire ƙwayar bawul iska ta fita duka. Idan tayoyin biyu ne a haɗe, a sace duka biyun kafin a kwance noti. Zobe da rim su zama 'yan gida ɗaya, a duba lambarsu. Wanda ya lanƙwashe, ya tsage ko tsatsa ta ci, a yar. Bayan haɗawa a sa iska kaɗan, kada ta wuce psi 5, a duba zoben ya zauna ko'ina, sannan keji. Idan bai zauna ba a sace iskar a sake. Ba a gyara masa zama da guduma da iska a ciki. A marar tub, idan bakin taya bai hau ba har psi 40, a sace, a shafa ruwan sabulun taya, a sake. Zuba fetur a kunna ashana don baki ya hau, a daina shi. Haka walda ko hura wuta a rim da taya a jikinsa, ko an sace iskar: zafi na sa roba ta fitar da gas a ciki, ta fashe bayan mintoci, lokacin da kowa ya saki jiki.

Tayar da aka taka da ita ba iska, ko iskarta ta yi ƙasa da kashi 80 cikin 100 na yadda ya kamata, wayoyin gefenta sun riga sun gaji. A cire ta a duba ciki. A keji a tsaya a psi 20, a saurara, a duba. Ƙarar ɓas-ɓas ko kumburi a gefe na nufin ta tashi daga aiki. Wurin goge gurbin faci kuma ka yi amfani da injin goge taya mai gudu 2,500 a minti. Ƙaramin injin gurza ƙarfe yana gudu 20,000 ko fiye, ƙona robar yake yi, faci ba ya kamawa.

Tambaya: Zan iya amfani da iskar motata in kunna bindiga idan taya ta fashe a hanyar Tamale zuwa Paga? Wani kuma ya ce kwalbar iskar masu walda ma tana yi. *Direban tirela, Kumasi Zango.*

Amsa: Direba, ta farkon tana yiwuwa da sharaɗi, ta biyun kuwa ko kusa. Kwalbar masu walda oksijin ce, bindiga kuma cike take da mai da giris. Idan suka haɗu wuta ce da fashewa a hannunka.

Iskar mota ka ɗauke ta daga bakin da kamfani ya tanada don hura taya, kada ka yanke layin birki ka dasa mahaɗi. Motocin Turai na yanzu suna tara bar 10 zuwa 12 da ɗoriya, don haka ka sa regileta ta sauko da ita kusa da bar 6.3. Tankunan mota ƙanana ne, za ka kwance noti biyu ko uku, ka jira inji ya sake tarawa. Tiyo gajere mai milimita 13 zai taimaka. Ka ja birkin tsayawa, ka sa waigi gaba da bayan tayoyi, ka sassauta notin tun taya na ƙasa. Jak ya zauna a kan katako mai kauri, kuma da zarar mota ta ɗagu ka tokare gatari da abin tsayawa na ƙarfe, domin jak, na hannu ne ko na iska, ɗagawa ce aikinsa ba riƙewa ba. Bayan ka gama, ka cire tiyon, ka jira alluran iska biyu su koma inda suka saba kuma ƙarar gargaɗi ta ɗauke kafin ka saki birki.